Wayar Hannu a Awon Ciki na Rukuni: Sharhi a kan Alfanunta da Iyakarta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wani salo da ya shigo harkar kula da masu juna biyu, wato haɗa awon ciki na rukuni da na'urorin zamani, musamman wayar hannu. Za a fara da asalin awon rukuni, sannan a duba abin da aka ɗora masa, daga bisani a auna shi da halin da matanmu suke ciki. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ne suke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, kuma a shiyyar Arewa maso Yamma kimanin kashi 16 cikin ɗari ne kawai suka haihu a asibiti. Saboda haka maganar ta rayuka ce.

2.0 Asalin Awon Rukuni

Wata ungozoma ce 'yar Amurka mai suna Sharon Rising ta tsara wannan salo a farkon shekarun 1990, aka sa masa suna CenteringPregnancy. Akan tara mata takwas zuwa goma sha biyu waɗanda watannin cikinsu suka zo kusa da juna, su riƙa zama kamar sau goma kafin haihuwa, kowane zama na sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu. Kowace mace ita take auna nauyinta da jininta, ta rubuta da hannunta. Ungozoma ta duba ta a gefe na ɗan lokaci, sannan a zauna a kewaye a tattauna.

A shekarar 2007 Jeannette Ickovics da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mata 1,047 a biranen New Haven da Atlanta. Haihuwar bakwaini ta tsaya a kashi 9.8 cikin ɗari ga 'yan rukuni, alhali ta kai kashi 13.8 ga masu awon ɗaiɗai. Sai dai wani gwaji mafi girma da aka yi a jihar Karolina ta Kudu, aka buga a 2022, bai sami irin wannan bambanci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2016 da suka ɗaga yawan ganawa da ma'aikacin lafiya daga huɗu zuwa takwas, ta yarda da awon rukuni ne bisa sharaɗin a yi shi tare da bincike mai zurfi.

A nan gida kuwa, gwajin da ƙungiyar Jhpiego ta yi a jihar Nasarawa da ƙasar Kenya, wanda aka buga a 2019, ya nuna cewa a Nasarawa kimanin kashi 77 cikin ɗari na 'yan rukuni sun haihu a asibiti, na ɗaiɗai kuwa kashi 54. Ke nan hujjar da ta fi ƙarfi ita ce rukuni yana dawo da mace asibiti. Batun rage bakwaini har yanzu da saura.

3.0 Abin da Aka Ɗora wa Rukuni

Masana a Jami'ar Yale sun ƙirƙiro wani shiri mai suna Expect With Me, wanda ya haɗa zaman rukuni da wata manhaja. A cikinta mace take adana awon jininta da nauyinta, ta karanta darussa, ta kuma yi magana da 'yan rukuninta tsakanin zama da zama. Da annobar korona ta zo a 2020, rukunoni da dama a Amurka suka koma ganawa ta bidiyo, kowace tana ɗakinta.

Ya kamata a rarrabe abubuwa biyu a nan. Na farko, na'ura ta zama gada tsakanin zama biyu. Na biyu, na'ura ta maye gurbin zaman kansa. Ra'ayin wannan takarda shi ne na farkon yana da madafa, na biyun kuwa ya rushe abin da aka ce ana ginawa.

4.0 Sharhi

Da farko akwai tambayar wadda na'urar take isa gare ta. A Zanzibar an gwada shirin Wired Mothers tsakanin 2009 da 2010, inda ake aika wa masu ciki rubutaccen saƙo a waya. Haihuwa a hannun ƙwararru ta ƙaru sosai a tsakanin matan birni, amma ba ta motsa ba a tsakanin matan karkara. Wato wadda ta fi kusa da asibiti ita ta ƙara samu, wadda ta fi buƙata aka bar ta a baya. A ƙauyukanmu wayar gida sau da yawa tana aljihun maigida, shi kuwa yana gona ko kasuwa ko ci-rani. Saƙon da ya ce a garzaya asibiti idan an ga kumburin fuska, in ya isa ga mai ciki bayan kwana uku, ihu ne bayan hari.

Na biyu shi ne harshe da rubutu, kuma nan ne aikinmu na malaman Hausa ya shigo. Manhajar da aka gina a kan karatu ta ɗauka cewa mai amfani da ita ta iya boko. Indiya ta lura da wannan, shi ya sa shirinta na Kilkari ya zama kiran murya na mako-mako, guda 72, daga wata na huɗu na ciki har yaro ya shekara. Amma murya ma ba ta wadatar in fassarar ta gurgunce. Mace ta san jijjiga da taune-taune, ta san doguwar naƙuda. Abin da saƙo zai koya mata shi ne alaƙar jijjiga da hawan jini, don kada a ɗauke ta aikin iska a tsaya turare. Saƙon da aka juyo daga Ingilishi kalma da kalma ba zai iya wannan ba.

Na uku shi ne kunya da sirri. Mai cikin fari ba ta ambaton cikinta a gaban manya. A zauren awo, tsakanin tsararrakinta, bakinta yakan buɗe domin abin da aka faɗa a nan yake tsayawa. A zauren WhatsApp kuwa magana tana zama a rubuce ko a naɗe, kuma duk wanda ya ɗauki wayar zai iya bin ta. Wadda ta san haka za ta yi shiru a kan zubar jini ko dukan miji, waɗanda su ne ungozoma ta fi buƙatar ji. Haka kuma zauren da babu ma'aikaciyar lafiya a cikinsa yakan zama kasuwar masu tallan magani.

Na huɗu, hawan jini na masu ciki yakan zo babu alama. Ana gano shi ne da ma'aunin jini da gwajin fitsari. Matar Amurka da ake ganawa da ita ta bidiyo ana iya ba ta ma'auni ta ajiye a gida. Tamu kuwa, in aka ce ta zauna a ɗaki waya ta wadatar, an raba ta da gwajin da zai ceci ranta.

Duk da haka, akwai gurbin da waya ta dace da shi ƙwarai, wato goyon ciki. Bisa al'ada mai cikin fari takan koma gidan iyayenta wajen wata na bakwai, sau da yawa a wani gari. Ta rabu da rukuninta ke nan a daidai watannin da haɗari ya fi yawa. A nan kiran ungozoma zai riƙe ta, ya tuna mata ranar awo, ya haɗa ta da asibitin garin iyayenta, ya kuma yi magana da uwarta wadda ita ce mai yanke shawara a daren naƙuda. Shirin da aka tsara a Amurka ba zai hango wannan ba, domin al'adar ba tasu ba ce.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya ba da shawarwari huɗu. Zama ido da ido ya ci gaba da zama ginshiƙi, waya ta tsaya a tunatarwa da kiran gaggawa. A fifita murya a kan rubutu. A tsara saƙonni da Hausa tun daga tushe, ungozomomi da masana harshe su zauna tare, a gwada su a kunnen matan karkara kafin a sake su. Sannan duk wanda zai auna nasarar irin wannan shiri ya ware sakamakon birni da na ƙauye, da na masu wayar kansu da na masu aro, domin jimilla takan ɓoye wadda aka bari a baya.

Ina roƙon sassan Hausa na kwalejojinmu su haɗa kai da makarantun koyon aikin ungozoma wajen tattara kalmomin ciki da haihuwa na karuruwan harshe daban-daban, daga Sakkwato zuwa Damagaram.