Sharhi kan darasin ƙabilu a ƙananan makarantun boko

Akwai wani darasi wanda kusan duk wanda ya zauna aji a ƙasar nan ya san shi, ko da Faransanci aka koya masa shi ko da harshen gida. Malam yakan rataya taswirar Nijar an raba ta launi-launi, kowane launi da sunan ƙabila. Sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya: Bahaushe manomi ne kuma ɗan kasuwa, Bafillace makiyayi, Buzu mai raƙumi da rawani, Bazabarme yana bakin kogi, Babarbare yana can gabas wajen tafkin Cadi. Yara su haddace, su maimaita, a ba su maki. Niyyar darasin kyakkyawa ce, watau yaro ya san ba gidansu kaɗai ke cikin ƙasar ba. Amma a ganinmu abin da yake shukawa a zuciyar yaro dabam yake da abin da aka nufa, kuma tun da ana bayar da shi cikin harsunanmu, ya kamata masu nazarin harshe su ce wani abu a kansa.

Tun shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda aka fara koyar da yara da Hausa, daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a makaranta, ta 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda goma, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Wannan doguwar tafiya ce, ba mai raina ta. Sai dai darasin da muke magana a kansa ya ratsa duk waɗannan shekaru bai sauya kama ba. An juya kalmominsa, tsarinsa na nan yadda Nasara ya bar shi. Shi kuwa mai mulkin mallaka yana da dalilinsa na tsare kowa cikin akwatinsa: ƙidaya yake yi domin haraji, ya ware mazauna gari ƙarƙashin sarakunan kanto, makiyaya ƙarƙashin shugabannin rukuni. Yaron aji uku ba haraji zai karɓa ba. Zama zai yi da mutane.

Aibi na farko shi ne taswirar ba ta faɗi gaskiya ba. A ɗauki Damagaram kanta. Gidan sarautarta asalinsa daga Barebari ne, harshen fada da na kasuwa Hausa ne, unguwar Zango kuwa ta girma ne da ayarin Abzinawa da fataken da ke saukar da su. Wane launi za a shafa mata? Sarakunan Adar da ke Illela jikokin Agabba ne, ɗan sarkin Agadas, talakawansu kuma Hausa suke yi. Arawan Dogon Dutsi suna danganta sarautarsu da Barno, kuma cikin danginsu akwai masu Hausa, akwai waɗanda Zabarmanci ne harshensu. A Agadas, wadda taswira ta ba Abzinawa ita ɗungum, da Hausa ake ciniki a kasuwa, a Ingal kuma akwai masu Tasawak. Ko kalmar Bahaushe ɗin ma, in aka shiga Maraɗi sai ta rabu: ga Katsinawan da suka kafa garin bayan jihadi, ga Gobirawan Tibiri kusa da su, kowa da tarihinsa da kirarinsa. Yaron da uwarsa Bafillata ce, ubansa Ba'adare, kakarsa Buzuwa, idan aka ce ya nuna launinsa a bango, an tilasta masa ya zaɓi ɗaya ya yar da biyu. Irin waɗannan yara kuwa ba kaɗan ba ne a kowane aji.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne masu tsara darasin sun tsallake hujjar da ta fi kowace kusa, watau bakin yaron kansa. Yaro ya tashi da safe ya gai da kawu da baffa da goggo, ya rusuna wa dattijo: duka huɗun daga Fulatanci Hausa ta aro su. Ya ɗauki takarda, kalmar da ta iso mu ta hannun Abzinawa, haka ma raƙumi da takobi. Ya je karatu da rubutu, waɗanda masana suka nuna ta Barbarci suka shigo, ya biya ta kasuwa, ya wuce ƙofar galadima ko ta yarima, duka daga Barno. Kafin ya kai ƙofar lakwal, wadda ita ma Faransanci ta ba mu, ya riga ya yi magana da bakin al'umma huɗu ko biyar bai sani ba. Mutane ba su aron sunan kawu da goggo daga wanda ba su yi auratayya da shi ba. Wannan darasi ne cikakke, ba ya bukatar taswira ko hoto, alli da allo sun isa, kuma yaro ne zai kawo kayan aikin daga gida. Ana iya yin irinsa a ajin Zabarmanci ko na Tamajak, inda kalmomin Hausa su ma suka yi gida.

Sai maganar sunaye, wadda fassara ta sa ta fito fili. Da Faransanci suna ɗaya ake kiran mutanen Abzin gaba ɗaya. Da aka juyo Hausa sai aka ɗauki Buzu, domin ita ce a bakin kowa, alhali kuwa asalinta sunan wani rukuni ne na ƙasa-ƙasa a cikin al'ummar, kuma akwai waɗanda ba su jin daɗin a kira su da ita. Haka Kaɗo da Haɓe a bakin Fulani, haka Azna ko Arna a bakin Musulmi. A kasuwa waɗannan kalmomi suna tafiya da murya da fuska, mai ji ya san ko wasa ake ko zagi. Littafi ba shi da murya. Abin da aka buga a takarda yaro yakan ɗauke shi hukunci. Ba mu ce a goge su daga harshe ba, ba mai iyawa ma. Amma littafin yara ya kamata ya fara da sunan da mutane ke kiran kansu da shi, kamar Fulɓe da Kel Tamajak da Kanuri, sa'an nan ya faɗi yadda maƙwabta ke kiransu.

Wasu malamai sun lura da bushewar darasin, sai suka sa masa wasan taubasai domin ya yi armashi. Tunanin yana da kyau. Wasan nan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, da Fulani da Barebari, da Fulani da Arawa, da Zabarmawa da Abzinawa, shi ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gadon 'yan Adam a 2014. Amma yadda ake kawo shi aji yakan tsaya ga ba'a kawai: wane bawan wane ne, su wane sun cika ci. Yara su yi dariya, a tashi. An bar rabin da ya fi nauyi. Taubasantaka daga gida ta faro, tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, masu bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki, kuma sharaɗinta shi ne ba a fushi, ba a zub da jini, in ɗaya ya shiga uku ɗayan ya tsaya masa. Ba'ar lada ce ta wannan alkawari. In aka koya wa yaro ba'ar ba tare da alkawarin ba, an ba shi jerin zagi ne da hatimin makaranta, kuma kalmar bawa a ƙasar da har yanzu wasu ke fama da tabon bauta ba abin da za a sake wa yaro ɗan shekara takwas ba ne babu bayani.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gardamar malamai ce kurum. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara na Fulani. Ranar 24 ga Afrilu da ake hutu kowace shekara tunawa ce da sulhun 1995 wanda ya kawo ƙarshen tawayen arewa. Yaran da ke aji yau su ne za su zauna gobe a kan shari'ar gona da rijiya. Darasin da ya ce wannan manomi ne, wancan makiyayi, ya tsaya nan, ya nuna musu ɓangarori biyu na rigima bai nuna musu igiyar da ta ɗaure su ba. Igiyar kuwa tana da sunaye. Akwai burtali, hanyar da aka bar wa dabbobi tsakanin gonaki, wadda ita ma kalmar Fulatanci ce. Akwai taki, da makiyayi ke zuba wa gona bayan girbi a ba shi dami. Akwai haɓɓanaye, aron saniya ga wanda ya rasa har ta haifa masa. Akwai gayya. Akwai ƙwaryar fura, gero daga wani gida, nono daga wani.

Da za a sake rubuta darasin, mu da mun so a tsara shi bisa waɗannan, babi-babi, kowane babi abu ɗaya da ba ya yiwuwa sai da hannun mutum biyu: rijiya, kasuwa, burtali, suna, jana'iza. Sunayen al'ummu za su shigo da kansu cikin labarin, kowa a bakin aikinsa. Wahalar da muke hange tana wajen malami, domin sau da yawa akan tura shi garin da bai ji harshensa ba, bai san wa ke wasa da wa ba. Irin wannan malami dole makon farko ya zama shi ne mai tambaya, yara da iyayensu su ne masu amsa, kuma makarantun horon malamai ba su cika shirya mutum ga wannan zama ba.