KATINKI YA FI TURMIN ATAMFA

'Yan uwana mata, musamman ku na Jega da Aliero da Maiyama. Maganar yau mai ɗan ɗaci ce, to amma gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Kowace kika tare a cikinmu tana da kuka: rijiyar unguwa ta ƙafe, famfon tuƙa-tuƙa ya lalace tun bara, asibitin sha-ka-tafi babu ko maganin zazzaɓi, ajin su Auta rufin ya yaye. A gidan suna wannan hirar ake yi, a gidan biki ma ita ce. Amma da zarar an ce to ina katinki na zaɓe, sai ki ji an ce, "Ni mi ruwana da siyasa? Wannan ai sha'anin maza ne." Haba 'yar uwa! Idan sha'anin maza ne, me ya sa ke ce da ɗaukar jarka tun asuba, kuma ke ce da kwana a zaune ranar da jikin yaro ya yi zafi?

Bari mu ɗan koma baya, domin da yawa daga cikin 'yammatan yanzu suna zaton tun fil'azal mata ke jefa ƙuri'a. A zaɓen 1959, wanda ya kai ƙasar nan ga samun 'yancin kai, matan Kudu sun yi layi sun zaɓi wanda suke so, amma kakanninmu na Arewa ko kusa da akwati ba a bar su sun je ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, 'yar jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, ta sha duka da ɗauri sau da dama a kan neman wa mata wannan 'yanci. Sai a 1976, lokacin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka yarda macen Arewa ta yi zaɓe, sannan a 1979 iyayenmu suka fita aka zaɓi Alhaji Shehu Shagari da su. Ki lura da kyau, ta ƙofar ƙaramar hukuma muka shigo. Abin kunya, yau ita ce ƙofar da muka fi wofintarwa.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban takaici a gare mu mutanen wannan yanki. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015, sunan garinmu yake amsawa. A zamaninsa aka yi rajistar ɗaukar hoto da zanen yatsu a 2011, a zamaninsa kuma aka fito da katin dindindin da na'urar tantance shi a zaɓen 2015. Ƙasa gaba ɗaya ta san katin nan da sunan Jega, amma sai ki shiga gida a Kimba ko Alelu ko Sabiyel ko Andarai, ki tarar da budurwa ta wuce shekara 18 ba ta taɓa zuwa rajista ba, ko matar aure da ta yi rajistar amma katin yana can jibge a ofishin hukumar zaɓe bai ga mai shi ba. Mu da ke bakin rijiya mu ne masu ƙishirwa.

Laifinmu na farko rashin sanin wanda ya kamata mu riƙe. Idan zaɓen shugaban ƙasa ya zo, gari kan ɗauki zafi har kishiyoyi su daina gaisawa, alhali kuwa shugaban ƙasa bai san hanyar Mungadi ba. Amma tambayi mace sunan kansilan mazaɓarta, sai ta yi ta zare ido. To ki sani, kundin tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya: kasuwa, tasha, kwata, maƙabarta, bayan gida na jama'a, kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Haka kuma tana da hannu a makarantar firamare da kiwon lafiya da harkar noma. Ki sake duba jerin nan, wanne ne a ciki bai shafi ɗakinki ba? Kwatamin da ke tara sauro a ƙofar gida, da rumfar da kike aika ɗiyarki ta kai ƙuli-ƙuli a kasuwar Jega, da hanyar da jaki ko amalanke ke bi a fito da albasa daga fadamar Aliero, da bencin da kike zama ranar awon ciki, duk na ciyaman ne da kansila. Jihar Kebbi, wadda aka cire daga Sakkwato a 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 da mazaɓu 225, kowace mazaɓa da kansilanta. Mutumin nan ɗan unguwa ne, kin san uwarsa, kin san matarsa, wataƙila ma tare kuke adashi da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan bai faɗa wa magini ba, haka zai yi ta tara kwano har damina ta wuce.

Laifi na biyu shi ne wanda ake jin nauyin faɗa. Ana saura kwana kaɗan zaɓe sai motoci su fara shigowa lungu da dare. A raba sabulu, a raba taliya da magi, mai babban rabo ta samu turmin atamfa mai hoton ɗan takara. Washegari a tara mu cikin rana, a ɗinka mana anko, mu yi ta rangaɗa guɗa, a ɗauki hoto a ce mata suna tare da mai girma. Ba na raina talauci, na san akwai gidan da sabulun nan ya tarar ba a ɗora tukunya ba. Amma zo mu yi lissafi irin na uwar adashi. A ce an ba ki Naira 5,000 kika dangwala wa gwamna ko ɗan majalisa. Shekara 4 zai yi, wato kwana 1,460. Idan kika raba, kuɗin nan bai kai Naira 4 a rana ba. A kan abin da bai sayi ko ƙwayar ashana ba kika sallama bakinki, domin ranar da kika je kuka a kan famfo, a ransa cewa zai yi ai na biya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma kada ki manta, doka ta haramta saye da sayar da ƙuri'a, mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne. Mafi muni su ne masu bin gida-gida suna karɓar katunan mata ko rubuta lambobinsu, wai za a kawo tallafi. Katinki kamar ɗan kunnen zinarenki ne, ba a ba da ajiyarsa ga wanda ba a sani ba.

Su ma 'yan siyasar ba za mu ƙyale su ba. Sun iya kiranmu "iyayenmu mata" a kan dandamali, amma ranar rabon kujera sai a tuna cewa wurin mace ɗaki. Muƙami ɗaya aka yanka mana, shugabar mata, aikinta tara jama'a da rabon zannuwa. Ranar da za a zauna a tsara kasafin kuɗin ƙaramar hukuma babu mai aiko mata. Wannan raini ne, kuma mu muka ba da fuska, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na san abin da wata za ta ce, kuma maganarta tana da ƙamshin gaskiya: "To in na fita ma mi za shi canza? Zaɓen ƙaramar hukuma ai tun kafin a yi an san mai ci." Ba za a musa ba. A zaɓen ƙananan hukumomin Kebbi na ranar 31 ga Agusta 2024, jam'iyyar da ke mulki ce ta kwashe kujerun ciyaman 21 da na kansila 225 gaba ɗaya, babbar jam'iyyar adawa kuma ta ƙaurace. Wannan ciwo bai tsaya a Kebbi ba, kusan kowace jiha haka ake yi, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da ita. Dalili kuwa a fili yake: zaɓen ciyaman da kansila hukumar zaɓe ta jiha ke shirya shi, gwamna ne ke naɗa mutanenta, majalisar jiha ta amince. Shekaru da yawa kuma kuɗin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha suke bi, wani lokaci ma a ƙi yin zaɓen a naɗa kantomomi. Sai a ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce mulkin kantoma ya saɓa wa tsarin mulki, ko da yake an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa.

To amma bi maganar a hankali, za ki ga ta dawo kan katin nan. Wa ke naɗa hukumar zaɓen jiha? Gwamna. Wa ke amincewa? 'Yan majalisar jiha. Su kuma wa ke zaɓensu? Ke ce, da katin da kika bari a ofis. Kuma zaɓen nasu ba a sanin mai ci tun daga gida. A Maris 2023 an yi zaɓen gwamnan Kebbi aka kasa bayyana wanda ya yi nasara, saboda ratar da ke tsakanin Nasir Idris da Aminu Bande ba ta kai yawan masu kati a rumfunan da aka soke ba, dole aka koma zagaye na cike giɓi a watan Afrilu. Rumfunan da aka soke suka riƙe jiha guda tana jira. A shekarar nan ta 2023 mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista a Nijeriya, kusan rabinsu mata, amma waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mai maguɗi ba ya tsoron wadda ta zauna a gida, ita ce ma ke sauƙaƙa masa aiki.

Sannan ba ranar zaɓe kaɗai ake zama 'yar ƙasa ba. Ko ta wace hanya ciyaman ya hau, kuɗin da ke hannunsa na jama'a ne, kuma yana jin kunyar taro. Mace ɗaya idan ta je sakatariya, masinja ma ya ishe ta. Amma mata 30 na Islamiyya ɗaya ko adashi ɗaya, da takarda a rubuce, da yardar mazajensu da rakiyar mai unguwa, su ce ga famfonmu, ga ranar da ya lalace, yaushe za a gyara, wallahi sai an ba su kujera. In an yi alkawari a rubuta rana, in ranar ta wuce a koma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu da Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, ba tare da wata ta zubar da mutuncinta ba. Idan sun iya haɗa kai a zamanin tafiyar ƙasa, mu da ke da waya a hannu ba mu da hanzari.

Ga amare kuma wata 'yar magana da ba a cika faɗa ba. Yarinya ta yi rajista a gidan ubanta a Maiyama, aure ya kai ta Jega. An kai gado, an kai jere, amma an manta da ƙuri'a, domin sunanta yana can a tsohuwar rumfa, kuma ba a zaɓe sai inda sunan mutum yake. Kada ki sake sabuwar rajista, yin rajista sau biyu laifi ne. Abin da za ki yi, idan an buɗe rajista ki je ofishin hukumar zaɓe ta ƙasa da ke hedikwatar ƙaramar hukumarki ki nemi a mayar da ke rumfar da ke kusa da gidan mijinki. Haka wadda katinta ya ɓace ko ya lalace, a nan ake neman wani. Kyauta ne, kuma da kanki za ki karɓa, ba a aike. Ana rufe rajista tun da sauran lokaci kafin zaɓe, don haka tun ran gini ran zane. Da wannan rajistar ce kuma ake yin zaɓen kansila, babu wata daban. In zaɓe ya matso a ɗan sassauta lalle a kan yatsu, don yakan hana na'ura karantawa, ko da yake BVAS da aka yi aiki da ita a 2023 tana iya tantance mutum ta fuska. Mai ciki da mai goyo da tsofaffi kuwa, ƙa'ida ta ce a fara sallamarsu.

Ku kuma iyayen gida maza, in littafin nan ya faɗo hannunku, muna roƙo da girmamawa. Matar da kuka yarda ta je awo, ta je gaisuwar mutuwa, ku yarda ta je rajista, in ma da hali ku kai ta. Kuma in an je, a bar ta ta dangwala abin da ranta ya kwanta da shi, tunda amana ce a wuyanta.

'Yar uwa, atamfar siyasa wanki uku take yi ta koɗe, wanda kika ɗora kuwa yana nan daram sai wa'adinsa ya cika. Yau in kin gama abincin dare, buɗe adakar nan ki duba ko katinki yana ciki. In babu, ki san ranar da za ki nema. In yana nan, gobe ki tambayi maƙwabciyarki sunan kansilanku, ku fara daga nan. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya ba mu zuciyar tambayarsu. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.