Gani Ya Kori Ji? Tarken Hoto da Labari a Rubuce-rubucen Masu Hawan Duwatsu

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba dangantakar da ke tsakanin hoto da labari a cikin littattafan da masu hawan duwatsu sukan rubuta bayan sun komo daga tafiye-tafiyensu. Wannan reshe ne na rubutun zube da ya yi ƙarfi a Turai da Amurka, kuma abin da ya raba shi da ƙagaggen labari shi ne marubucin yana da'awar cewa duk abin da ya faɗa ya auku. To, amma a ƙololuwar dutse babu alƙali, babu 'yan kallo. Saboda haka mai karatu ba shi da madogara sai maganar marubuci da hotunan da ya sa a littafinsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Za mu gwada wannan magana a kan labarin Cesare Maestri, mutumin Italiya, don mu ga iyakar shaidar da hoto yake iya bayarwa.

2.0 Matsayin Hoto a Wannan Fanni

Kafin mu shiga labarin Maestri, ya kamata a kawo misalai biyu da suka saɓa wa juna. A shekarar 1906 Frederick Cook ya ce ya hau dutsen McKinley na Alaska, wanda mutanen wurin suke kira Denali, mai tsawon mita 6,190. Hujjarsa ita ce hoton abokin tafiyarsa, Edward Barrill, riƙe da tuta a kan wani tsauni. A 1910 Belmore Browne da Herschel Parker suka gano wurin da aka ɗauki hoton, ashe wani ƙaramin tsauni ne mai nisan kimanin kilomita 30 daga ƙololuwar.

Misali na biyu shi ne na Edmund Hillary a kan dutsen Everest, ranar 29 ga Mayu, 1953. Bayan ya ɗauki hoton Tenzing Norgay, sai ya juya kyamara ya ɗauki hotunan sassan dutsen da ke gangarawa ƙasa ta kowace fuska. Hikimar da ke ciki ita ce, mutum tsaye a kan ƙanƙara ana iya ɗaukarsa ko'ina, amma wanda ya nuna duk kewayensa yana ƙasa da shi, ya ba wa na baya abin da za su auna.

3.0 Labarin Maestri

Cerro Torre dutse ne mai tsini a yankin Patagoniya, kan iyakar Ajantina da Chile, tsawonsa mita 3,128. A farkon 1959 Maestri ya tunkare shi tare da Toni Egger, mutumin Ostiriya, da Cesarino Fava. Bisa ga faɗar Maestri, Fava ya juyo daga rabin hanya, shi kuwa da Egger suka kai ƙololuwa ranar 31 ga Janairu. A hanyar saukowa ƙanƙara ta zaftaro ta tafi da Egger, tare da kyamarar da ke ɗauke da hotunan ƙololuwa. Maestri ya ba da wannan labari a littafinsa mai suna Arrampicare è il mio mestiere, watau hawan dutse ne sana'ata, wanda ya fito a 1961.

Ta fuskar zubi da tsari, labarin ya ƙullu ƙwarai: ga buri, ga nasara, ga rashin aboki. Sai dai a lura, mutuwar da ta sa mai karatu ya tausaya wa marubucin, ita ce kuma ta kawar da shaidu biyu a lokaci guda, mutum da kyamara. Duk mai neman hujja sai ya zama kamar marar tausayi. Wannan ne ya daɗe yana ɗaure bakin masu tarke.

4.0 Siffantawa a Gaban Dutse

Abin da ya fara warware labarin shi ne dutsen kansa. A 1976 Jim Donini da John Bragg da Jay Wilson, 'yan Amurka, suka bi hanyar da Maestri ya ce ya bi, kan hanyarsu ta hawan dutsen da ke maƙwabtaka, wanda aka raɗa wa sunan Egger. Sun tarar da igiyoyi da ƙusoshin 1959 birjik a kimanin mita 300 na farko, daga nan kuwa ko alama. Daɗin daɗawa, wurin da Maestri ya siffanta da sauƙi sun same shi da wuya, wanda ya siffanta da wuya kuma sun same shi da sauƙi, saboda wani ɗan dandamali da ba a hangensa daga ƙasa.

Wannan batu ne na salo, kuma ya shafi manazarcin adabi kai tsaye. Siffantawar wanda ya hango dabam take da ta wanda ya taɓa. Maestri ya zana dutsen yadda ido yake ganinsa daga gindi. A 2005 Ermanno Salvaterra da Alessandro Beltrami da Rolando Garibotti suka hau ta wannan fuska har ƙololuwa, ba su ga wata alama tasa a sama ba.

5.0 Hoto da Bayaninsa

A cikin littafin akwai wani hoto wanda bayanin da ke ƙarƙashinsa ya ce Egger ne yake hawan sashen ƙasa na Cerro Torre. Fiye da shekara hamsin masu karatu suna kallonsa suna wucewa. A 2015 Garibotti, da taimakon Kelly Cordes, marubucin littafin The Tower na 2014, ya nuna cewa an ɗauki hoton ne a wani ƙaramin dutse dabam mai suna Perfil de Indio, ta fuskar yamma, wurin da labarin bai taɓa cewa sun je ba.

A nan ne ƙashin bayan wannan takarda yake. Hoton bai yi ƙarya ba, domin mutumin da duwatsun da ke cikinsa na gaskiya ne. Jimlar da aka rubuta ƙarƙashinsa ce ta kauce. Hoto yana nuna abu, amma ba ya faɗin ina ne, ko yaushe ne. Wannan aiki na marubuci ne. Ke nan abin da mai karatu ya ɗauka gani ne, ji ne ya sa rigar gani. Haka ya faru ga Cook, haka ya faru ga Maestri, kuma a duka biyun hoton da aka kawo don kariya shi ya koma mai ba da shaida a kan mai shi.

6.0 Kammalawa

Adalci ne a faɗa cewa Maestri gwani ne na gaske a duwatsun Dolomite na ƙasarsa, kuma har ya rasu a 2021 bai janye maganarsa ba. Amma nauyin al'amarin ya wuce sunan mutum ɗaya. Akwai haƙƙin Casimiro Ferrari da abokansa na garin Lecco, waɗanda hawansu na 1974 shi ne na farko da ba a jayayya a kansa. Akwai kuma haƙƙin Egger, wanda labarin ƙarshen rayuwarsa ya rataya a kan riwayar da ta raunana.

Shawararmu ga masu nazarin irin waɗannan littattafai ita ce su riƙa ɗaukar bayanin hoto a matsayin wani ɓangare na matani, su bi diddiginsa kamar yadda suke bin diddigin kowace jimla. Su tambaya: wa ya ɗauka, daga ina, kuma me ke bayan mutumin da aka ɗauka? Littafin da ya amsa waɗannan tambayoyi shi ya cancanci a ce ganinsa ya kori ji.