Rediyo da Talabijin a Maimakon Aji: Wa Aka Bari a Baya?

A watan Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantun Burkina Faso, sai gwamnati ta mai da darussa zuwa rediyo da talabijin. A 2023 kuma rashin tsaro ya rufe makarantu fiye da 6,000, rediyo ya zama malamin yara da yawa da suka gudu daga garuruwansu. Niyyar mai kyau ce. Amma ya kamata mu auna wannan aiki da ma'auni ɗaya: wane yaro ne darasin ya kai gare shi?

Bari mu dubi 'ya'yan Zangon Wagadugu, tsohuwar unguwar Hausawa wadda Mosawa ke kira Zangouettin. A 2003 aikin gyaran tsakiyar birni mai suna ZACA ya rushe unguwar, aka kwashe mazaunanta zuwa gefen gari. Yaron irin wannan gida yana jin Hausa a ɗaki, Mosanci a kasuwa, Faransanci kuwa sai a makaranta. A aji, in bai gane ba, malami yakan ga fuskarsa ya sake bayani. Rediyo ba ya ganin fuska, ba ya jiran tambaya. Yaron da iyayensa suka iya Faransanci yana da mai fassara a gida. Ɗan mai sayar da goro ba shi da kowa. Ta haka na'urar da aka kawo domin daidaita yara ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Kurma kuma fa? Darasin rediyo bai amfane shi da kome ba. Makaho yana jin muryar talabijin, amma abin da aka rubuta a allo ya wuce shi. Gidan da babu lantarki ma, talabijin ba nasa ba ne.

Wannan darasi ba sabo ba ne. Nijar ta fara koyarwa ta talabijin a 1964 da taimakon Faransa, a cikin azuzuwa kaɗan, shirin bai taɓa kai ga yawancin yaran ƙasar ba. Kodebuwa ta fara nata a 1971, ta kashe kuɗi mai yawa, ta daina a farkon shekarun 1980 bayan iyaye da malamai sun yi gunaguni.

Abin da ya ɗore kuwa shi ne aikin da ya fara da yaron kansa. A 1988 Fasto Abel Kafando ya kafa makarantar CEFISE a Wagadugu, inda kurame da masu ji suke zama aji ɗaya, ana koyarwa da baki da maganar hannu. A Nomgana, tun 1994, aka gwada fara karatu da Mosanci kafin Faransanci, yaran farko suka gama firamare cikin shekara 4 maimakon 6. Mu a Nijeriya mun san makarantar makafi ta Gindiri, wadda mishan ta buɗe a 1953. Allon rubutun makafi da ɗan tsinkensa na'ura ce ƙarama, ba ta bukatar lantarki, amma ta buɗe wa mutane da yawa ƙofar karatu, domin akwai malami a gefenta.

Ba cewa muke a yar da rediyo ko wayar hannu ba. Waya tana iya karanta wa makaho littafi, tana iya nuna wa kurma darasi da maganar hannu. Amma kafin ikilisiya ko kwamitin makaranta su tara baiko su sayi kwamfuta, sai su fara ƙirga yaran unguwa: nawa ne ba sa gani, nawa ba sa ji, nawa ba su san harshen aji ba. Sa'an nan a horar da malamin da zai zauna da su. In kuɗi ya rage bayan haka, a sayi na'urar da ta dace da bukatar waɗannan yara.