Littafin David Werner da yaran tirizomi 21: abin da ya ba uwa, abin da ya rage wa mushe

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan taƙaitaccen sharhi, za mu duba littafin da David Werner ya wallafa a Amurka a shekarar 1987, wanda aka juya zuwa Faransanci da sunan «L'enfant handicapé au village». Littafin ya haura shafi 600, cike yake da zane, kuma ya samo asali ne daga aikin kula da naƙasassun yara a ƙauyen Ajoya, ƙasar Meziko. Tambayarmu ɗaya ce: mi yake ba iyaye da malaman yaron da aka haifa da tirizomi 21?

Wannan lalura, wadda likita John Langdon Down ya bayyana kamanninta a 1866, an gano sanadinta a birnin Paris a 1959: yaron yana da ƙwayoyin gado 47 maimakon 46. Ba aikin iskoki ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Amma a garuruwanmu har yanzu akan kira irin wannan yaro «ɗan ruwa», a ɓoye shi cikin ɗaki.

2. Abin yabo

Babban alfanun littafin shi ne ya mai da gida makarantar farko. Bai jira asibiti ko ƙwararre ba. Yana nuna wa uwa yadda za ta rarraba aiki gunduwa-gunduwa: riƙe moɗa, kai ta baki, ajiye ta; a yaba wa yaro a kowane mataki, a maimaita har ya zauna. Kayan wasa kuwa daga abin da ke tsakar gida ake yin su. Ya kuma ba yayye da ƙanne matsayi, abin da ya dace da gidajenmu inda yarinya ƴar shekara bakwai ke goyon ƙanenta. A nan ba mu da ja.

3. Inda muke da ja

Na farko, an rubuta littafin lokacin da shan-inna ke gurgunta yara da yawa, shi ya sa sanda, keken guragu da ƙarafan ƙafa suka ci babban kaso. Tirizomi 21 ta samu ɗan wuri ne cikin babin jinkirin fahimta, tare da wasu lalurori.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi a wurinmu, mushe na barin littafin ba tare da sanin yadda wannan yaro ke koyo ba. Binciken da Sue Buckley ta soma a Ingila wajen 1980 ya nuna cewa yaran nan sun fi riƙe abin da suka gani bisa abin da suka ji. Doguwar magana tana zube musu, amma hoto, alamar hannu da rubutacciyar kalma suna zama. Da yawansu sukan koyi karatu, karatun kuma ya taimaka wa bakinsu. Ga shi kuma yawancinsu suna fama da ƙarancin ji ko gani. To, a lakwal ɗinmu mushe ne ke faɗa, aji ya amsa da baki ɗaya, sau da yawa cikin harshen da yaro bai taɓa ji a gida ba. Ke nan mun bi ta ƙofar da ta fi ƙunci, sa'an nan mu ce yaro ba shi ganewa.

Na uku, batun harshe. Akan ba iyaye shawara su tsaida yaron ga harshe guda. Nazarin da aka yi a Kanada, wanda ya fito a 2005, bai samu wata illa ba ga yaran tirizomi 21 da suka tashi da harshe biyu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tun da Nijar ta buɗe makarantun gwaji na harsunan gida tun 1973 a Damagaram. Yaron da ya soma da Hausa yana da abin dafawa kafin ya shiga Faransanci.

4. Kammalawa

Sanarwar Salamanka ta 1994 ta nemi makaranta ta karɓi kowane yaro, Nijar kuma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Amma takarda ba ta koyar da aji. Muna ganin littafin Werner ya cancanci zama a hannun ma'aikatan lafiya da iyaye, sai dai yana bukatar ɗan'uwa: ƙaramin jagora cikin Hausa, domin mushe da malamin allo. Ya ce a auna ji da ganin yaro, a zaunar da shi gaba, a taƙaita umurni, a nuna kafin a faɗa. Makarantar allo ma tana da darasi a nan, domin kowane almajiri da allonsa, ba a wanke masa sai ya riƙe. Wannan haƙurin ne muke son lakwal ta ara.