Makaɗa Huɗu na Birnin Siyatil da Gadon da Suka Bari

A can arewa maso yammacin Amurka, cikin jihar Washinton, akwai wani birni a bakin ruwa da a ke kira Siyatil. Gari ne mai yawan yayyafi, ga shi kuma nesa ƙwarai da manyan biranen da a ke cinikin waƙa. A nan ne, tun wajen 1985, waɗansu samari suka tashi da wani irin kiɗa wanda daga baya aka raɗa masa suna giranj. Ma'anar kalmar a bakin Turawa ita ce dauɗa. Sunan kuwa ya dace, domin amon jitarsu mai lantarki ya na da kaushi, su kansu kuma ba su damu da ado ba, da tsofaffin riguna su ke hawa dandali. Makaɗan da su ke cin kasuwa kafin zuwansu mutanen ƙawa ne, waƙarsu ba ta wuce mata da shagali. Waɗannan samari sai suka ɗauko baƙin ciki da kaɗaici da fushin matasa suka mayar da su waƙa.

Ƙungiyoyi huɗu ne suka fi shahara a wannan kiɗa, watau Nirvana, da Soundgarden, da Alice in Chains, da Pearl Jam. Har yanzu masu sauraro na gardama a kan wadda ta fi. Amma yawan ciniki kaɗai ba ya raba wannan gardama. Gado shi ne abin da na baya za su iya ɗauka su yi amfani da shi, da wannan mudu kuwa ya kamata a auna su.

A fara da Nirvana. Kurt Cobain da Krist Novoselic suka kafa ta cikin 1987 a Abadin, wani ƙaramin garin masu yankan katako. Faifansu na fari, Bleach, ya fito cikin 1989, abin da aka kashe wajen ɗaukarsa kuwa dala 600 ne da 'yan kai. Cikin Satumba 1991 suka fitar da Nevermind. Kafin Janairu 1992 ya ƙare, wannan faifai ya ture na Michael Jackson daga saman jerin faya-fayen da suka fi kasuwa a Amurka, daga baya kuma aka sayar da fiye da miliyan 30 a duniya. Dabarar Cobain ba ta da wuyar ganewa. Ya kan soma baiti a hankali, murya ƙasa ƙasa, in an zo amshi sai kiɗa ya ɓarke kamar hadari. Shi da kansa ya ce daga ƙungiyar Pixies ya koyi wannan. Waƙarsu da ta fi suna, Smells Like Teen Spirit, a kan jerin sauti huɗu kawai aka gina ta, yaron da ya yi 'yan watanni da jita ya na iya kaɗa ta. Aibin Nirvana shi ne aikinta kaɗan ne: manyan faya-fayai uku rak suka yi kafin Cobain ya kashe kansa cikin Afrilu 1994, ya na da shekara 27.

Soundgarden ita ce yayarsu duka, tun 1984 aka kafa ta, kuma wajen gwanintar hannu ba mai ja da ita. Yawancin kiɗan rok a kan ƙirga bugunsa huɗu huɗu ne, amma su su kan ƙirga bakwai, kamar yadda suka yi cikin waƙar Spoonman, mai rawa bai ko lura an yi masa wayo ba. Kim Thayil ya kan sassauta tsirkiyar jitarsa don ta yi nauyi, Chris Cornell kuwa muryarsa na tashi daga ƙasa ta kai inda maza kaɗan ne su ke kaiwa. Faifansu Superunknown na 1994 ya hau kan jeri tun makonsa na fari, ya kuma jawo musu lambar yabo ta Grammy har biyu cikin 1995. To, amma gwaninta irin wannan ba ta gaduwa da sauƙi. Masu yabonsu sun fi masu koyi da su yawa nesa ba kusa ba. Sun watse cikin 1997, suka sake haɗuwa cikin 2010, ƙungiyar ta mutu bayan Cornell ya kashe kansa cikin Mayu 2017.

Alice in Chains, wadda aka kafa cikin 1987, alamarta ita ce murya biyu a haɗe. Layne Staley da Jerry Cantrell su kan rera baiti tare, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sautin ya fito da wani irin duhu mai sa tsikar jiki tashi. Faifansu Dirt na 1992 ya faɗi gaskiya tsirara game da muguwar ƙwayar nan heroyin, yadda ta ke fara wa mutum da daɗi ta ƙare da mayar da shi bawa. A cikinsa ne kuma Cantrell ya yi waƙar Rooster don ubansa, wanda ya yi yaƙin Biyetnam. Makaɗan rok masu nauyin sauti da suka biyo baya sun ɗebi abu mai yawa a wannan rumbu. Sai dai abin da Staley ya rera shi ya ci shi. Bayan 1996 bai sake hawa dandali da ƙungiyar ba, ya kulle kansa a gida har ƙwaya ta kashe shi cikin 2002. Cantrell ya ta da ƙungiyar da sabon mawaƙi, William DuVall, suka fitar da faifai cikin 2009.

Pearl Jam kuwa daga makoki ta fito. Stone Gossard da Jeff Ament na cikin wata ƙungiya ne wadda mawaƙinta, Andrew Wood, heroyin ta kashe cikin 1990. Sai suka samo Eddie Vedder, suka fitar da Ten cikin Agusta 1991. Faifansu na biyu, Vs., an sayar da fiye da 950,000 a makonsa na fari cikin 1993. Da suka ga suna na neman haɗiye su, sai suka ja baya da gangan. Suka daina yin majigin waƙa na talabijin har shekaru. Cikin 1994 suka kai kukan kamfanin Ticketmaster ga hukuma a kan kuɗin da ya ke ɗorawa bisa tikitin kallo, har Gossard da Ament suka ba da shaida gaban wani kwamiti na majalisar dokokin Amurka. Ba su ci nasara ba, gama cikin 1995 hukuma ta rufe binciken, cinikinsu kuma ya ragu. Amma sannu ba ta hana zuwa: cikin 2024 suka fitar da faifansu na 12, Dark Matter. Masu sukarsu na cewa kiɗansu tsohon rok ne aka sa wa sabuwar riga, kuma akwai gaskiya a ciki. Muryar Vedder ma mawaƙa barkatai sun kwaikwaye ta har ta gunduri jama'a, ko da ya ke wannan ba laifinsa ba ne.

To, in an ɗora huɗun nan bisa sikeli, wa ya rinjaya? Wajen gadon kiɗa, Nirvana ce. Ba don ta fi gwaninta ba, Soundgarden ta fi ta. Ba kuma don ta fi zurfin magana ba, Alice in Chains na iya ja da ita. Dalili shi ne ita ta buɗe ƙofar da sauran suka shiga kasuwa sosai, ta kuma bar wa talakan yaro dabarar da zai iya ɗauka ba tare da malami ko dukiya ba. Ko mai gangarta, Dave Grohl, ya kafa Foo Fighters cikin 1994, ƙungiyar da ta cika filaye shekara da shekaru.

Amma fa akwai kuskuren da ya kamata mai karatu ya kiyaya. Mutane da dama na ɗaukaka Cobain saboda mutuwarsa, su na zaton wahala da ƙwaya su ne tushen fasaha. Lissafi bai goyi bayan wannan zato ba. Ƙwaya ba ta ƙara wa Staley ko baiti ɗaya ba, raba shi da dandali ta yi kusan shekara shida kafin ta gama da shi. Wood ya mutu babban faifan ƙungiyarsa bai ko fito ba. Cikin manyan mawaƙan ƙungiyoyin nan huɗu, Vedder kaɗai ya rage a raye. Waƙoƙin da a ke yabo an yi su ne a kwanakin da masu su ke da ƙarfin zama su yi aiki.

Saboda haka gadon giranj kashi biyu ne, kuma ba a hannu ɗaya ya ke ba. Nirvana ta koya wa na baya yadda a ke fara kiɗa da abin da ke hannu. Pearl Jam ta koya musu yadda a ke riƙe suna ba tare da ya kashe mai shi ba. Darasi na fari shi ya fi daɗin ji, shi ya sa aka fi ambatonsa. Na biyun ya fi wuya, shi ne kuwa saurayin da ya ɗauki jita zai fi bukata ran da jama'a suka soma tafa masa.