Jinjina ga Masu Duba Jini

A ɓargo mafi yawan fararen ƙwayoyin jini ke girma. Tun suna ɗanyu suke tara ilastes, sinadarin da ke narkar da furotin ɗin ƙwayar cuta; sai sun kusa nuna suke ƙara jelatines, wanda ke buɗe musu hanya cikin nama. Idan cuta ta tsananta, ɓargo kan sako su ba su gama nuna ba.

Wa ke gane wannan? Ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda ya duƙufa kan madubi da ɗigon jini ɗaya. Daga Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau har manyan asibitocin Tsafe da Bungudu, likita ake gode wa, masu duba jinin kuwa ko sunansu ba a tambaya. In ka je karɓar sakamako, ka ce musu sannu da aiki.